Tsadar tikitin ƙwallo, albashin ƴan wasa da aljihun ɗan kallo: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari a Maraɗi daren Lahadi, bayan an tashi wasannin Firimiya, babbar gasar ƙwallon Ingila, ya san cewa gardama ba ta tsayawa a kan wanda ya ci da wanda aka ci. Kafin a sauke shayi na uku, sai wani ya ɗauko maganar albashin wane, wani ya ce ai shi ya sa talakan Ingila ya daina shiga fili, wani kuma ya ce ina ruwanmu, mu da ba mu taɓa ganin ƙofar Old Trafford, filin Manchester United, ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa a irin wannan zama. Domin sauƙin lissafi, yuro ɗaya yana daidai da sefa 656 idan an cike, kuma canjinsa a ɗaure yake. Fam na Ingila kuwa yana hawa yana sauka, amma ya ɗan fi yuro nauyi.

Da gaske ne tikiti ya yi tsada, ko kuwa kukan da ƴan kallo suka saba ne kawai?

Da gaske ne. A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, ana tsakiyar kaka, Manchester United ta mayar da farashin sauran tikitin da ke hannunta fam 66, ta kuma soke rangwamen da ake yi wa yara da tsofaffi a kansu. A canjin lokacin, fam 66 ya haura jika hamsin, wato sefa 50,000. Mafi ƙanƙantar albashin da doka ta tanada a Nijar tun farkon 2024 jika arba'in da biyu ne a wata, wato kujera ɗaya ta minti casa'in ta fi ladan wata guda na ƙaramin ma'aikaci a nan.

Za a iya cewa wannan kwatanci bai dace ba, tunda albashin Ingila ba irin namu ba ne, kuma maganar tana da kanta. Sai dai ko a can ɗin, waɗanda suke kuka ba malalata ba ne. Direbobin bas ne da ma'aikatan asibiti da masu fansho, waɗanda iyayensu da kakanninsu suka tsaya a fili ɗaya shekara da shekaru. Uban da yake son ya je da ƴaƴansa biyu a wancan farashi zai biya kusan fam 200 kafin ya taɓa kuɗin jirgin ƙasa ko na abinci. Ƙwallon Ingila ta tashi ne a garuruwan masaƙu da ma'aikatun ƙarfe da tashoshin jiragen ruwa, kuma an sa wasa ranar Asabar da rana ne saboda lokacin ne leburori suke tashi daga aiki. Jikokin waɗannan leburori su ne yau suke kallon ƙungiyarsu a tele, kamar yadda muke yi, alhali filin yana bayan gidansu.

Yaushe abin ya fara lalacewa?

Mafarin yana da ciwo. Ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, turmutsitsi ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool, waɗanda adadinsu ya kai 97 daga baya. Binciken da alƙali Taylor ya jagoranta ya ɗora babban laifin a kan gazawar ƴan sanda wajen sarrafa taron, kuma rahotonsa na ƙarshe, wanda ya fito a Janairun 1990, ya ba da shawarar a kawar da wuraren tsayuwa, kowa ya sami kujera. Zuwa 1994 manyan ƙungiyoyi sun bi wannan umarni. Wurin da mutum uku suke tsayuwa a da ya koma na mutum ɗaya ko biyu a zaune, wuraren tsayuwar nan kuwa su ne na masu ƙaramin ƙarfi. Taylor da kansa ya yi gargaɗin kada a fake da kujeru a kori talaka da tsada, amma ƙungiyoyin sun ɗauki rabin shawarar da ta yi musu daɗi, sun bar ɗaya rabin.

A tsakanin nan ne, cikin 1992, manyan ƙungiyoyi suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya domin su riƙa sayar da haƙƙin nuna wasanninsu da kansu. Daga nan ƙwallo ta zama hajar da masu kuɗi suke sha'awa, aka shiga gina sababbin filaye. Arsenal ta bar Highbury mai ɗaukar mutum 38,000 a 2006 ta koma Emirates mai ɗaukar 60,000. Tottenham ta buɗe nata a 2019 bayan ta kashe kusan fam biliyan ɗaya. Bashin irin wannan gini ba daga sama ake biyansa ba.

Ba albashin ƴan wasa ne ya jawo tsadar ba?

Wannan ita ce amsar da ta fi saurin zuwa baki, kuma ita ce wadda masu ƙungiyoyi suka fi son a riƙe, domin tana kawar da ido daga kansu. An bar jaki ana dukan taiki.

Babu musu cewa alƙaluman albashi suna ɗaure kai. Har zuwa Janairun 1961, ƙa'idar Ingila ba ta yarda ɗan wasa ya karɓi fiye da fam 20 a mako ba. Da ƙungiyar ƴan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta karya wannan ƙa'ida, Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100 a mako, aka yi ta salati. A 2017 Paris Saint-Germain ta biya Barcelona yuro miliyan 222 a kan Neymar, wato sama da biliyan 145 na sefa. A Janairun 2021 jaridar El Mundo ta Sifaniya ta fallasa kwangilar Messi, wadda za ta iya kaiwa yuro miliyan 555 a shekara huɗu. Da Cristiano Ronaldo ya koma Al-Nassr ta Saudiyya a ƙarshen 2022, rahotanni sun ce abin da zai riƙa samu, haɗe da na tallace-tallace, ya kusa yuro miliyan 200 a shekara, abin da ya kama kusan sefa miliyan 360 a kowace rana.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Tambayar da ta kamata ita ce, da wane kuɗi ake biyan wannan albashi? A gasar Firimiya, duk abin da ake samu ranar wasa, daga tikiti har abinci da ɗakunan manyan baƙi, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar ƙungiyoyin ba. Wani bincike da BBC ta wallafa a 2018 ya nuna cewa a kakar 2016 zuwa 2017, rabin ƙungiyoyin gasar za su iya buga wasanninsu babu ɗan kallo ko ɗaya kuma su fita da riba. Bournemouth, wadda filinta bai kai kujera 12,000 ba a lokacin, tana biyan albashin da manyan ƙungiyoyin wasu ƙasashe ba sa iyawa, kuma ba daga ƙofa take samo shi ba. Lokacin annobar korona a 2020 an ga abin ƙuru-ƙuru: an yi watanni ana wasa a filaye wayam, ƙungiyoyi sun yi asara ƙwarai, amma gasar ba ta durƙushe ba, saboda tele tana aiki.

Don haka albashi yana bin kuɗin da ya shigo ne, ba shi ne yake jan tikiti da igiya ba. Idan da gobe za a rage wa kowane ɗan wasa rabin albashinsa, babu wata doka da za ta tilasta wa mai ƙungiya ya mayar wa ɗan kallo ko fam ɗaya daga rarar.

To, daga ina kuɗin albashin yake fitowa?

Mafi yawansa daga gidajen talabijin ne, sai kamfanonin da suke sa sunansu a riguna da filaye. Kwangilar farko ta Firimiya a 1992 fam miliyan 304 ce a shekara biyar. Wadda aka sanar a Disamban 2023, ta kakanni huɗu daga 2025, fam biliyan 6.7 ce, kuma wannan na cikin Birtaniya ne kaɗai. Idan aka raba shekara-shekara, ta ninka ta farko fiye da sau ashirin da biyar. A zagayen 2022 zuwa 2025 kuwa, kuɗin da aka samu daga sayar da haƙƙin nunawa a ƙasashen waje ya zarce na cikin gida a karo na farko.

Abin da ya sa kaso mai tsoka na wannan kuɗi yake zarcewa aljihun ƴan wasa shi ne hukuncin Bosman. Jean-Marc Bosman ɗan wasan Beljiyam ne da kwangilarsa ta ƙare a 1990, ƙungiyarsa ta Liège ta hana shi komawa Dunkerque ta Faransa sai an biya ta, ta kuma zaftare masa albashi. Ya kai ƙara, kuma ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ɗan wasan da kwangilarsa ta ƙare yana da ƴancin tafiya kyauta. Tun daga ranar, ƙungiyar da take son riƙe gwaninta dole ta cika masa hannu, in ba haka ba ya tafi ba ta sami ko dala ba. Shi Bosman ɗin bai ci moriyar abin ba. Shari'ar ta cinye shekarun wasansa, ya ƙare cikin talauci.

Idan kuɗin ƙofa ba shi ne ginshiƙi ba, me ya sa ake ta ƙara shi?

Saboda ana iyawa. Mai sayen shinkafa a babbar kasuwa, idan wannan ɗan kasuwa ya tsauwala masa, sai ya matsa rumfa ta gaba. Mai goyon bayan Liverpool ba zai wayi gari ya koma Everton don tikitinta ya fi sauƙi ba, ko da filayen biyu a gari ɗaya suke. Masu ƙungiyoyi sun san wannan sarai, kuma shi ya sa haɗaɗɗiyar ƙungiyar magoya baya ta Ingila ta gina kamfen ɗinta na 2024 a kan kira ɗaya, cewa a daina cin gumin biyayyar masoya.

Akwai kuma lissafin baƙo da ɗan gari. Ɗan gari mai tikitin shekara yana biyan farashi mai rangwame, ya zo dab da busa usur, ya tafi da an tashi, rigar da ke jikinsa ma ta shekara biyar ce. Baƙon da ya taso daga Amurka ko Koriya don ya ga wasa sau ɗaya a rayuwarsa zai biya duk abin da aka ce, ya shiga kantin ƙungiya ya sayi riga da hula da tsarabar yara, ya kuma biya kuɗin zagaya fili. A idon akawu, kujerar da ɗan gari yake zaune a kai asara ce. Wannan ne ya sa wasu ƙungiyoyi suke rage rangwamen tsofaffi, suke kuma mayar da wasu sassan fili wuraren manyan baƙi masu haɗe da abinci. Tun a shekara ta 2000 Roy Keane, yana kyaftin ɗin Manchester United, ya yi ƙorafin cewa wasu da ke cika Old Trafford sun fi damuwa da abin da za su ci a kan abin da ke faruwa a fili.

Dalili na uku dokokin kashe kuɗi ne. A Firimiya, har zuwa kakar 2025 zuwa 2026, ba a yarda ƙungiya ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku ba. Everton ta rasa maki 10 a Nuwamban 2023 saboda wannan, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, Nottingham Forest ma ta rasa 4 a Maris ɗin 2024. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, kuma ta ƙayyade cewa abin da ƙungiya take kashewa a kan ƴan wasa da koci da dillalai kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Tunda abin da za a kashe ya rataya ga abin da aka samu, kowane fam da aka tatsa a ƙofa yana buɗe damar ƙara kashewa. A nan ne kawai za a ce albashi da tikiti sun haɗa hanya, kuma ko a nan ɗin zaɓi ne masu ƙungiya suka yi.

Sai bashi. Iyalan Glazer sun sayi Manchester United a 2005 da kuɗin da mafi yawansa rance ne, suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar, ita ce take biyan ruwansa. Wasu magoya baya sun fusata har suka kafa tasu ƙungiyar a shekarar, FC United of Manchester.

Shin ƴan wasa sun cancanci abin da ake ba su?

Idan kuɗin ya riga ya shigo, ko dai ya tafi ga wanda ya yi gudu ya karye a fili, ko ya tafi ga wanda yake zaune a ofis. A ganina na farkon ya fi cancanta. Shekarun wasa ƙalilan ne, rauni ɗaya a gwiwa yana iya rufe su, kuma wasu suna mayar da abin gida, kamar Sadio Mané da ya gina makaranta da asibiti a ƙauyensu Bambali a Senegal. Wanda ya fi dacewa a yi wa tambayar shi ne dillali: a shekara guda da ta ƙare a Fabrairun 2024, ƙungiyoyin Firimiya sun biya dillalan ƴan wasa sama da fam miliyan 400.

Ya kamata kuma a tuna cewa waɗanda muke gani a tele ƴan tsiraru ne. Binciken da ƙungiyar ƴan wasa ta duniya, FIFPRO, ta fitar a 2016, bayan ta tambayi kusan ƴan wasa 14,000 a ƙasashe 54, ya gano cewa kashi 45 cikin ɗari ba sa samun dalar Amurka 1,000 a wata, kashi 41 kuma sun taɓa fuskantar jinkirin albashi. Yaron da yake buga wa ƙungiyar garinsu da safe, ya hau kabu-kabu da yamma don ya sami na cefane, shi ma sunansa ɗan ƙwallo.

Mu da ke Maraɗi, ina ruwanmu da tikitin Ingila?

Muna da namu tikitin, kuma a ƙarshe kuɗinsa tukunya ɗaya yake faɗawa. Kamfanoni irin su Canal+ da SuperSport suna biyan maƙudan kuɗi su sayi haƙƙin nuna gasannin Turai a Afirka, su sayar wa mai gidan kallo ta hanyar kuɗin wata, shi kuma ya karɓa a hannunmu a bakin ƙofa. Kamar yadda aka faɗa a sama, kuɗin ƙasashen waje ya riga ya zarce na cikin Birtaniya a wani zagaye, don haka ɗan kallon Bagalam da na Sabon Gari suna da ɗan kasonsu, komai ƙanƙantarsa, a albashin da suke zagi.

Akwai wani gidan kallo da nake zuwa, rumfar kwano ce mai benci layi-layi da tele biyu da fanka ɗaya da ba ta kai wa na baya. An rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo a bakin ƙofa. Wani dare na Gasar Zakarun Turai na miƙa dala ashirin, wato sefa 100, kamar kullum, sai yaron da ke karɓar kuɗi ya ce: “Baba, yi haƙuri, yau dala arba'in ne. Wasan babba ne, kuma babu wuta, gurup za a tayar.” Na biya. A gefen ƙofa akwai yara huɗu da ba su da ko dala goma, sun liƙa ido a wata ɓula da ke jikin kwano suna karɓa-karɓa, wanda yake gani yana ba sauran labari. Ba na ganin laifin mai gidan, domin kuɗin wata yana kansa ko an cika ko ba a cika ba, ga mai, ga haya, kuma kowa ya tuna yadda masu wannan sana'a suka sha wuya lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023. Amma abin da ya yi, wato ya duba girman wasa ya ƙara farashi saboda ya san ba za mu koma gida ba, shi ne dai abin da Manchester United ta yi, bambancin kawai yawan sifili ne.

Me ya sa filayenmu ba sa cika, alhali kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba?

Matsalarmu kishiyar ta Ingila ce. Can fili a cike yake shi ya sa ake ƙara farashi. Nan kuwa ƙofa tana da araha, wani lokaci ma a buɗe ta kyauta, amma jama'a suna gidan kallo. Ba don garin bai san ƙwallo ba ne. Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin gasar ƙasa a 1983, Ɗan Kasawa ta ɗauki sunan garin shekaru masu yawa, kuma a Fabrairun 2019 filin Maraɗi ya karɓi wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, wadda Mali ta lashe.

Abin da ya fi bayyana dalilin shi ne sunayen ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a gasar ƙasa: AS FAN ta soja, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, USGN ta jandarmomi, AS Douanes ta kwastan, AS Police ta ƴan sanda, ASN Nigelec ta kamfanin wuta. Waɗannan suna da hukuma ko kamfani a bayansu, suna iya biyan albashi ba tare da sun jira kuɗin ƙofa ba, kuma kusan dukkansu a Yamai suke. Ƙungiyar gari kuwa ta dogara ne ga wani attajiri mai sha'awa, ranar da sha'awar ta gushe ko kasuwa ta juya masa baya, sai tafiya wasa ta gagara, gwanayen yara su gudu babban birni ko ƙetare. Mutum ba ya haihuwar ɗansa cikin son ƙungiyar wata ma'aikata kamar yadda yake haihuwarsa cikin son ƙungiyar garinsu. Maƙwabtanmu na Kano sun nuna haka, domin filin Sani Abacha yana cika idan Kano Pillars za ta yi wasa, kuma jama'ar ba ta daina kallon Turai ba.

Ko tawagar ƙasa ma, Mena, wadda ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, ta buga mafi yawan wasanninta na gida na neman gurbin kofin duniya na 2026 a Maroko, saboda filin Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ba. Ɗan kallon da aka ɗauke wa wasa zuwa wata ƙasa, maganar farashin tikiti ma ba ta taso masa ba.

Zanga-zangar magoya baya tana haifar da ɗa mai ido?

Tana haifarwa, idan an taɓa abin da masu kuɗi suke jin tsoro, wato hoton da ke fita a tele. Ranar 6 ga Fabrairu 2016, bayan Liverpool ta sanar da tikitin fam 77, kimanin mutum 10,000 sun tashi a minti na 77 na wasansu da Sunderland suka fice daga Anfield. Liverpool tana gaba da ci biyu da nema a lokacin, aka tashi biyu da biyu. Cikin ƴan kwanaki masu ƙungiyar suka janye ƙarin, suka kuma nemi gafara a rubuce. A watan da ya biyo baya ƙungiyoyin Firimiya suka amince kada tikitin magoya bayan baƙuwar ƙungiya ya wuce fam 30, kodayake masu fafutuka fam 20 suka nema.

A Afrilun 2021 ƙungiyoyi 12 na Turai sun sanar da sabuwar gasar manya zalla, wadda babu mai faɗuwa daga cikinta. Magoya baya suka cika tituna, shirin ya ruguje cikin kwana uku. Wannan rikici, tare da korar tsohuwar ƙungiyar Bury daga gasa a 2019 saboda bashi, ya taimaka wajen kai majalisar Birtaniya ga dokar 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta don sa ido a kan ƙungiyoyi. Hukumar za ta tilasta a riƙa tuntuɓar magoya baya, amma ba ita za ta yanke farashin tikiti ba.

Me ya sa ake yawan misali da Jamus?

Saboda ƙa'idar da suke kira hamsin da ɗaya, wadda aka kafa a 1998: mambobin ƙungiya su ne suke riƙe da rinjayen ƙuri'a, ɗan kasuwa ba ya saye ta ɗungurungum, ban da ƴan ƙungiyoyin da aka keɓe kamar Bayer Leverkusen da Wolfsburg. Sun kuma bar wuraren tsayuwa masu araha. Sashen kudu na filin Borussia Dortmund kaɗai yana ɗaukar kusan mutum 25,000 a tsaye. A Fabrairun 2024, da hukumar gasar ta so ta sayar wa masu zuba jari wani kaso na kuɗin talabijin, magoya baya sun yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili suna tsayar da wasa har aka fasa cinikin. Bayern Munich tana biyan albashi mai nauyi duk da haka, abin da yake ƙara nuna cewa babban albashi ba ya wajabta tikiti mai tsada.

Ƙayyade albashi zai sa tikiti ya sauko?

Ba lalle ba ne. Sifaniya tana ƙayyade wa kowace ƙungiya abin da za ta kashe gwargwadon samunta, kuma wannan ne ya raba Messi da Barcelona a Agustan 2021, lokacin da shugabanta Joan Laporta ya ce albashi zai kai kashi 110 cikin ɗari na kuɗin shiga idan ya zauna. Irin wannan doka tana kare ƙungiya daga rushewa, amma ba a rubuta ta don aljihun ɗan kallo ba. Abin da ya taɓa rage farashi kai tsaye shi ne ƙayyade farashin kansa, kamar na fam 30 a Ingila, ko wanda UEFA ta sa a 2019 na yuro 70 ga baƙin magoya baya a Gasar Zakarun Turai, wanda ta ƙara ragewa daga baya.

Gasannin ƙasashe fa, sun fi sauƙi?

A da ana ware wa ƴan ƙasa mai masauki rukuni mai rahusa: rand 140 a Afirka ta Kudu a 2010, riyal 40 a Katar a 2022. A gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meziko, FIFA ta shigo da farashi mai hawa da sauka gwargwadon buƙata, kuma farashin farko da ta sanar ya kama daga dalar Amurka 60 zuwa 6,730 a wasan ƙarshe. Da ƙungiyoyin magoya baya suka yi ca a Disamban 2025, sai ta ware ƴan tikiti kaɗan na dalar Amurka 60 ga masoyan kowace tawaga. A gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, mafi arahar tikiti jika biyar ne, kuma a wasannin farko an ga kujeru babu kowa alhali mutane suna neman tikiti a waje.

Wanda ya tara kuɗi yana son ya je ya ga ƙungiyarsa sau ɗaya, me ya kamata ya sani?

Tikitin shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin, domin biza da jirgi da masauki sun ninka shi sau da yawa. Manyan ƙungiyoyin Ingila ba sa sayar da tikitin Firimiya ga kowa haka kawai. Sai mutum ya fara biyan kuɗin zama mamba na shekara, sannan ya shiga layi ko ƙuri'a a shafin ƙungiyar, kuma a manyan wasanni sau da yawa abin da yake ragewa baƙo shi ne kujera mai haɗe da abinci, wadda farashinta ya ninka na sauran. Sayar da tikitin ƙwallo ta bayan fage laifi ne a dokar Ingila tun 1994, kuma tunda yawancin tikiti yanzu a cikin waya yake da sunan mai shi, wanda ya saya a hannun ɗan bumburutu ta Facebook ko WhatsApp yana iya isa ƙofa na'ura ta ƙi shi. Kada kuma a yanki tikitin jirgi da ranar da aka gani a jadawalin farkon kaka, saboda gidajen talabijin suna ɗage wasa daga Asabar zuwa Lahadi ko Litinin, kuma ba a tabbatar da ranar sai saura makonni. Wasannin farko na kofunan cikin gida, waɗanda ake bugawa da ƙananan ƙungiyoyi a tsakiyar mako, su ne suka fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, sai dai koci yakan hutar da manyan ƴan wasansa a irin waɗannan ranaku.